Shin Fita Daga Gandu Saɓa Wa Iyaye Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, shekarata 34, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma ni ne babba a cikin mazan gidanmu. Shekara bakwai ke nan ina zuwa cin rani Abuja, har Allah ya sa na kafa 'yar tireda a can, yanzu kuma ba na iya rufe ta in dawo noma da damina. Duk wata ina tura wa Baba kuɗi ta waya, ni na sayi shanun huɗar gidan, ni nake sayen taki. Duk da haka ya ce na watsar da gandu, har ya daina ɗaukar wayata. Mai ɗakina kuma ta matsa sai na kewaye mata sashenta na raba mata tukunya, domin ranar girkinta mutum kusan 20 take dafa wa, ga ƙannena maza sun girma. Baba ya ce muddin yana raye ba za a ɗora tukunya biyu a gidansa ba. Shin idan na fita daga gandu na saɓa wa iyaye? Ina tsoron fushin Allah, ina kuma tsoron in zalunci iyalina.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka yanke wa kanka hukunci, domin da yawa daga cikin tsararrakinka sai sun gama rushe abin da za su rushe sannan suke zuwa neman malamin da zai ce musu sun yi daidai. Na shafe shekaru masu yawa ina zama a ƙofar dagacin garinmu tare da liman da sauran dattawa idan ana sulhu, kuma in ka ɗauke rikicin iyakar gona da na aure, babu maganar da ta fi yawan dawowa gabanmu kamar wannan taka. Amsar a taƙaice ita ce, fita daga gandu a karan kansa ba saɓa wa iyaye ba ne, domin gandu al'ada ce, ba farilla ba. Sai dai yadda mutum ya fita, da kalaman da ya fita da su, da abin da ya bari a zuciyar tsoho bayan fitarsa, ta nan ne zunubi yake iya shiga, kuma a nan ne zan fi daɗewa.

Ya kamata mu fara tuna mene ne gandu tun asali, domin yaran yanzu suna ɗaukarsa bauta, tsofaffi kuma suna ɗaukarsa addini, alhali kuwa yarjejeniya ce mai ɓangare biyu, ko da yake ba a taɓa rubuta ta ba. 'Ya'ya maza, masu aure da marasa aure, suna ba mai gida ƙarfinsu a babbar gona tun daga sharar gona da kai taki da shuka, zuwa noman firi da maimai da huɗa, har a yi girbi a ɗaure dammuna a zuba a rumbu ɗaya. A mafi yawan garuruwanmu ana aikin gandu daga safe zuwa wajen azahar, da yamma kowa ya wuce gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Shi ma mai gida akwai abin da yake wuyansa: shi zai ciyar da kowa daga rumbun nan, shi zai biya wa kowane baligi haraji, ya yi wa ɗa auren fari, ya yanka ragon suna, ya sayi fartanya da garma, ya tayar da ɗakin da damina ta kayar. Idan aikin gona ya ƙare kuwa, samari su tafi cin rani don a rage bakin ci, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Ka ga ashe cin rani ba baƙon abu ba ne a wurin mahaifinka. Abin da bai saba gani ba shi ne cin ranin da ba a dawowa.

Wannan tsari bai karye don 'ya'yan yanzu sun fi na da mugun hali ba, ko da yake haka tsofaffi suke faɗa idan ransu ya ɓaci. Ginshiƙansa ne suka zame ɗaya bayan ɗaya. Haraji, wanda yake cikin abubuwan da suke ɗaure saurayi a ƙarƙashin ubansa, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979, lokacin Ringim da Gumel da Haɗejiya da Kazaure da Dutse duk suna cikin Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Gona kuma ba ta haihuwa, mutane ne suke haihuwa, don haka gonar da kakanka ya ciyar da gida guda da ita an raba ta gado tsakanin mahaifinka da 'yan'uwansa, gobe kuma za a sake yanka kason mahaifinka tsakaninku. Ƙasar ta gaji, ba ta bayarwa sai da takin zamani, taki kuma sai da kuɗi a hannu. Duk wanda yake zaune a bakin kogin Haɗejiya bai manta ambaliyar 2022 ba, wadda ta shanye amfanin gona a yankunan Ringim da Auyo da Kafin Hausa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na ban ruwa da na niƙa suka tashi gaba ɗaya. A irin wannan hali, gidan da ba shi da wani a waje mai turo ɗan abin masarufi yana jin jiki, kuma shi kansa mai gida ba ya iya sauke rabin abin da gandu ya ɗora masa. Na faɗi wannan ne don ka cire wa ranka cewa ka karya wani abu mai tsarki, ba don ka je ka karanta wa mahaifinka shi a zaure ba.

To, me Shari'a ta ɗora maka? Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi na ƙasar nan, ya ƙididdige waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan namiji: matarsa, mawadaciya ce ko matalauciya; iyayensa biyu idan matalauta ne; da ƙananan 'ya'yansa waɗanda ba su da dukiya, maza har su balaga suna masu lafiya, mata har su tare a gidan miji. Bayan waɗannan, a mazhabar Malikiyya babu wani dangi da ciyar da shi ya zama tilas, ko da ɗan'uwa ne ciki ɗaya. Abin da ka yi masa sada zumunci ne mai lada, amma alƙali ba zai tilasta ka ba. Ka lura da bambancin da ke tsakanin mata da iyaye a wannan jeri. Ciyar da mata ba ya faɗuwa ko da ta fi ka kuɗi, na iyaye kuwa yana da sharaɗi biyu, wato su kasance ba su da abin da zai ishe su, kai kuma ka kasance kana da rara bayan buƙatarka da ta iyalinka. Kuma nauyin ba a kan babban ɗa kaɗai yake ba, ana rarraba shi a kan duk 'ya'yan da suke da hali. Shehu Halilu a cikin Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya kawo maganganu uku kan yadda za a raba shi, ko daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa, kuma masu sharhi sun rinjayar da na ƙarshe. Babu inda aka wajabta wa baligi ya riƙe fartanya da hannunsa a gonar ubansa, ko ya ci daga rumbu ɗaya da shi har mutuwa.

Na san za a kawo maka hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa wani mutum, "Kai da dukiyarka na mahaifinka ne," wanda Ibnu Majah ya ruwaito. Mafi yawan malamai ba su fahimce shi a kan cewa uba ya mallaki duk abin da ɗa ya tara ba, sun fahimce shi ne a kan cewa uba yana da damar ɗaukar abin da yake buƙata, ɗa kuma ba shi da damar yi masa rowa. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji, sudusi ne rabon mahaifinsa, wato kashi ɗaya cikin shida. Da dukiyar ta uban ce tun farko, da ba a yanka masa kaso a cikin abin da yake nasa ba. Game da tafiyarka kuma, iyaye suna da ikon hana ɗa tafiya mai hatsari ga ransa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce eh, sai ya ce masa a cikin hidimarsu zai yi jihadinsa. Amma tafiyar neman halal ga wanda garinsu ba zai ishe shi ciyar da iyalinsa ba, ba a sa ta a wannan layi, musamman da yake akwai ƙannenka a gida. Hukuncin zai sauya ranar da tsufa ko ciwo ya kwantar da ɗayan iyayenka, ya zama babu mai ɗaga shi sai kai. Ranar nan, ko tiredar za ta rushe, dawowa gida ta zama dole.

Wannan shi ne hukunci, kuma da alƙali ka tambaya, da a nan zai tsaya. Ni kuwa ina tsoron in ba ka fatawa ka mayar da ita sanda. Ka sake karanta tambayarka. Ka lissafa kuɗin wata, ka lissafa shanu, ka lissafa taki, amma ba ka faɗi yaushe rabonka da ka zauna a gaban mahaifinka ka ce, "Baba, ga abin da nake son yi, me ka gani?" ba. Ina kyautata zaton fushinsa ba na ƙarfin da gona ta rasa ba ne, domin ƙwadago yana maye gurbin wannan, kuma ya sani. Abin da ya rasa shi ne matsayinsa. Mutumin da ya shafe rayuwarsa shi yake buɗe rumbu, shi yake auna hatsin da za a daka, shi yake cewa bana gero za a sa a gonar tudu, riɗi kuma a ta gabas, yau ya wayi gari ana aiko yaro daga shagon mai POS a ce ya zo ya karɓi saƙo, a ƙirga masa a gaban jama'a, a cire kuɗin caji, duk wanda yake kan layi ya san nawa ɗansa ya turo masa. Kai a wurinka ka sauke nauyi, shi kuwa a wurinsa an mayar da shi mai jiran albashi a gidan da ya gina da hannunsa.

Ni ma na taɓa yin wannan kuskure, shi ya sa nake gane shi tun daga nesa. Lokacin da na sami aikin koyarwa a wani gari mai nisa da namu, babu waya a zamanin, sai in naɗe kuɗi a takarda duk ƙarshen wata in ba direban motar kasuwa ya kai wa mahaifina, Allah ya jiƙansa. A raina ina ganin babu ɗan da ya kai ni. Da na je gida hutu, bayan sallar isha'i, sai ya jawo gafakarsa ya zazzage mini ƙunshin kuɗin nan guda biyar, ko ɗaya bai kwance ba, alhali na tarar gidan yana cikin ƙunci. Ya ce, "Ga ajiyarka. Ba ka faɗa mini na mene ne ba, ba ka kuma tambaye ni me gida yake buƙata ba, sai na ɗauka ajiya ka ba ni." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. A lokacin na sauke littattafan fiƙihu na Risala da Askari, ina iya kawo babin ciyarwa da ka, amma a daren nan na rasa ayar da zan kare kaina da ita.

Ka ɗauko Alƙur'ani ka karanta aya ta 23 da ta 24 ta Suratul Isra'i a nitse. Allah ya haɗa kyautata wa iyaye da kaɗaita shi da bauta, sannan ya yi maganar lokacin da ɗayansu ko dukansu suka tsufa a wurinka, ya ce kada ka furta musu ko da kalmar ƙosawa, kada ka tsawace su, ka faɗa musu magana ta girmamawa, ka ƙanƙantar musu da kai don jinƙai, ka roƙa musu rahama kamar yadda suka rene ka kana ƙarami. Duk abin da aka jero a wurin aikin harshe ne da fuska da zama, ba a ambaci kuɗi ko sau ɗaya ba, ba don kuɗi ba shi da amfani ba, sai don shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi ga wanda yake da shi. Haka nan a hadisin mutum uku da dutse ya rufe a kogo, ɗayansu da abin da ya yi tawassali shi ne tsayuwar da ya yi da ƙwaryar nono a hannu har gari ya waye, don ba ya son ya tashi iyayensa daga barci, ba ya kuma son wani ya sha kafin su. Nonon da ke cikin ƙwaryar nan ba wani abin kirki ba ne a kasuwa. Tsayuwar ce Allah ya karɓa, har dutsen ya gusa.

Saboda haka kada ka zauna jiran ranar da zai ɗauki waya. Wanda ya yi fushi a zaure, a zaure ake ba shi haƙuri, kuma zumunta ma a ƙafa take, balle haƙƙin uba. Ka bar tiredar a hannun amintacce ka zo da kanka, ka durƙusa, ka bar shi ya faɗi duk abin da ke ransa ba tare da ka ambaci ko kwabo ɗaya da ka taɓa turowa ba, domin gori yana ɓata sadaka, balle abin da ka yi wa wanda ya haife ka. Bayan haka ka mayar masa da ragamar shawara. Kuɗin taki da na ƙwadago ka damƙa masa su tun da bazara, shi ya ɗebo 'yan ƙwadago, shi ya sallame su, ya zama ƙarfin da ka janye daga gona ka mayar da shi ta hannun mai gida, ba ta bayansa ba. Kuɗin wata kuma ya riƙa isa gare shi a rufe, ta hannun ƙanenka guda mai hankali. Sannan ka yanka wa kanka lokutan da za a san ka da su a gida, kamar makon shuka, da lokacin kai amfani gida da kaka, da salloli biyu. Ko kwana uku ka yi kana bin sa gona kana riƙe igiyar shanu, mutanen gari suna ganinka a bayansa, hakan zai wanke masa abin da ake faɗa a majalisa, cewa ɗan wane ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda bai zauna a ƙauye ba ba zai gane yadda maganar bakin masallaci take ci wa tsoho rai fiye da yunwa ba.

Yanzu maganar mai ɗakinka, wadda na lura ka sa ta a ƙarshe kamar ita ce ƙaramar matsalar, alhali a Shari'a haƙƙinta ya fi na gandu ƙarfi nesa ba kusa ba. Mukhtasar da sharhohinsa sun bayyana cewa mace tana da damar ƙin zama a cakuɗe da dangin mijinta. An togace wadda aka yi wa sharaɗin haka tun wurin ɗaurin aure, da wadda irinta ba ta saba da keɓantaccen muhalli ba, amma su ma da zarar zaman ya zama cuta, haƙƙin yana dawo musu. Abin da yake kanta shi ne hidimar ɗakinta da ta mijinta gwargwadon al'ada. Daka da surfe da tuƙa tuwon mutum 20, da abin da take yi wa iyayenka da ƙannenka, duk kyautatawa ce da ta cancanci godiya, ba wajibin aure ba. Biyayyar iyaye a wuyanka take, kuma ba adalci ba ne ka tafi Abuja ka bar 'yar mutane tana biya maka bashin da ba ita ta ci ba. Batun ƙannenka ma ba abin rainawa ba ne. An tambayi Annabi game da ɗan'uwan miji ya shiga wurin matar ɗan'uwansa, sai ya ce ɗan'uwan miji mutuwa ne, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Al'adarmu ta wasa tsakanin matar wa da ƙanen miji ta sa muna ɗaukar wannan da sauƙi. Ba zargin kowa nake yi ba, amma macen da mijinta yake yin watanni ba ya nan, in ta nemi katanga tsakaninta da samari baligai, sutura ta nema, kuma yabo ya kamace ta.

Sai dai ka rarrabe abubuwa biyun da ta nema, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne a idon tsoho. Kewaye sashe, ko da dangar kara ce, da yi mata makewayi nata da ƙofa, wannan ka yi shi, kuma da wuya uba mai hankali ya ƙi in an gabatar masa da shi da sunan sutura da addini. Tukunya kuwa alama ce, domin hayaƙi biyu a gida ɗaya yana shaida wa maƙwabta cewa gida ya rabu. Na ga gidajen da aka warware wannan ba tare da an kunyata kowa ba: tuwon dare ya ci gaba da fitowa daga tukunyar gida, matar ɗa tana karɓar girki gwargwadon ƙarfinta in ta yarda, ana kai hatsi inji maimakon daka, ɗan yana biyan kuɗin niƙa, da safe da rana kuma tana dafa wa 'ya'yanta abin da mijinta ya aiko. In kuma abin ya kai ga rabawa gaba ɗaya, to akushin Baba da na Inna kada ya yanke daga ɗakinta, domin tsoho yana iya haƙura da tukunya biyu muddin yana cin na kowacce. Kuɗin cefanenta kuwa ya riƙa zuwa hannunta kai tsaye, kada ka sa ta riƙa roƙon surukarta kuɗin sabulu.

A nan ne halin namiji yake fitowa. Kada ka kuskura ka je gaban mahaifinka ka ce ita ce ta matsa maka. Ranar da ka faɗi haka ka tsira da mutuncinka, ita kuma ka bar ta da ƙiyayyar gida har ƙarshen zamanta, kai ka hau mota ka koma Abuja. Ka ce shawararka ce, nauyinka ne, kai ka ga ya dace. Kuma ban ji ka ambaci mahaifiyarka ba ko sau ɗaya, alhali ita ce Annabi ya ambata sau uku kafin ya ambaci uba, ita ce kuma ta fi kowa sanin ta inda ake shiga zuciyar tsohon. Ka fara da ɗakinta. Ka kuma duba tsawon zamanka a waje, domin an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsatu tsawon lokacin da mace take iya haƙurin rashin miji, sannan ya iyakance wa mayaƙa watannin da ba za su wuce ba, tsakanin huɗu zuwa shida bisa saɓanin ruwayoyi. In mai yaƙi bai sami uzurin wuce haka ba, mai tireda ba zai samu ba.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda nake ganin shi ne zai fi ba ku wahala nan gaba. Shanun huɗar nan na wane ne? Kyauta ka ba Baba, ko aro ka ba gida? In kyauta ce kuma ya karɓa, sun zama nasa, ranar da ta Allah ta kasance za su shiga gado a raba da kowa, har da 'yan uba in akwai. In aro ne, naka ne su da abin da aka canja da su. Haka ɗakin da za ka gina a sashenka, bulo da kwano naka ne, amma ƙasar da ke ƙarƙashinsu ta mahaifinka ce. Na zauna a sulhun da 'yan'uwa ciki ɗaya suka daina gaisawa saboda bijimi biyu, babban yana rantsuwa da guminsa ya saye su, ƙananan suna rantsuwa su suka yi kiwonsu shekara da shekaru, kowa a cikinsu gaskiya yake faɗa, wanda zai raba gardamar kuma yana kabari. Muna jin kunyar rubutu tsakanin uba da ɗa, alhali ayar da ta fi kowacce tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka bayyana niyyarka a gaban liman da baffanka, a rubuta ko da a ajami ne. In kuma Baba ya huce har ya so ya ba ka gona kai kaɗai don saka maka, ka tuna masa da ladabi cewa Annabi ya ƙi shaida kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da 'yan'uwansa. In sayar maka zai yi, a yi ciniki a fili a gaban ƙannenka.

Wanda za ka ɗauka ya raka ka wurin wannan magana ya zama wanda Baba yake jin nauyinsa, kamar wansa ko gwaggonka ko amininsa na ƙuruciya ko limamin gari. Kada ka fara da ƙofar dagaci, balle Hisba ko kotu, domin tsohon da ɗansa ya sa aka kira shi gaban hukuma ba ya mantawa, ko da bakinsa ya ce ya yafe. In ka yi duk wannan ya dage a kan bakansa, to ka kewaye wa iyalinka sashenta, domin haƙƙin wani ba ya faɗuwa don fushin wani, ka kuma ci gaba da zuwa gaisuwa ko ba ya amsawa. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta ce ko da iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, kada ya bi su, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa, kuma abin da ke tsakaninka da Baba bai kama ƙafar wannan ba. Batun gaisuwa da ban haƙuri ka yi shi a wannan makon in da hali. Batun katanga da tukunya kuwa kada ka tayar da shi da marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, zukata suka yi kusa. Ka shaida wa mai ɗakinka cewa ka ji maganarta kuma ka sa mata lokaci, sannan ka bari sai da kaka, an kai gero gida, an fitar da zakka, tsoho ya kalli rumbunsa ya ga shekara ta yi kyau, sannan ka kira baffanka ku shiga zaure.